Teburin da Aka Auna da Tsayina

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa, waɗanda suka fi daɗewa a ƙofar gidanmu ba dangi ba ne, teloli ne. Sun zo daga babbar kasuwar Garwa da lungunan Jambutu, wasu har da guntayen zare maƙale a rigunansu, don labarin ya same su ne suna kan keke. Ni ina jin su ta tagar garaj, inda na ɓuya saboda cikin gida ya cika da mata. Wani ya ce tun da ya fara ɗinki bai taɓa kai kekensa gyara wajen wani ba sai Kaka. Wani dattijo ya ce marigayin ya taɓa korarsa daga rumfa saboda ya zuba wa keke man gyaɗa, kuma har yau in ya tuna sai kunya ta kama shi. Aka ɗan yi dariya, sannan aka koma salati, ana yi masa addu'a da Hausa da Fulatanci.

A ciki, Hajja, matarsa, kakata, tana zaune a kan buzu ta fara takaba. Ba ta yi kukan da mutane suka zata ba. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta yi kukan gidan gaba ɗaya, tana yi tana shara, tana yi tana kwashe kwanuka, don ita ba ta iya baƙin ciki a zaune ba. A rana ta uku wata mata ta iso daga Bibemi, mai ɗinka wa yara kayan makaranta. Ta durƙusa gaban Hajja ta yi gaisuwa, ta ce a hankali, yanzu wa zai riƙa jin ciwon kekunansu. Da za ta fita ta kalli ƙofar garaj. Kekenta yana ciki a kwance, cikinsa a buɗe, kuma saura 'yan makonni a koma makaranta. Ba ta tambaya ba. Ta ce za ta zauna wajen 'yar'uwarta a gari har a yi bakwai.

A rana ta biyar na ji Baffa, yayan Baba da ke sayar da kayan babur a Kuseri, yana cewa in an yi addu'ar bakwai zai ɗora teburin aikin Kaka a motarsa ya kai shagonsa, don katako irin wannan bai kamata ya zauna a banza ba. Baba ya ce babu laifi, dama motarsa ta gaji da kwana a waje. Ba su faɗi haka da mugunta ba. Su biyun tebur kawai suke gani. Ni kuwa ina tsaye da butar shayi a hannu, na ji kamar za a sake fitar da Kaka daga gidan. Ban ce komai ba, domin jika mace ba ta tsoma baki in 'ya'yan mamaci suna magana a kan kayansa.

Abin da ban iya faɗa ba ranar shi nake rubutawa, don kada a manta da mutumin, kuma kada a manta yadda teburin ya zo.

Iyayen Kaka fatake ne da suka biyo hanyar Yola da tufafi da goro suka zauna a Garwa. Shi ne ya bar fatauci ya kama gyaran keken ɗinki, abin da mahaifinsa bai taɓa yafe masa gaba ɗaya ba. Dogo ne ƙwarai a ƙuruciyarsa. Duk rayuwarsa a tabarma ya yi aiki, a rumfarsa ta kasuwa, da wani tsohon ƙyauren katako da yake ɗorawa a kan bulo biyu. In an kawo masa keke ba ya fara buɗe shi. Sai ya ɗora shi a kan ƙyauren, ya juya ƙafar da hannu, ya kwantar da kunnensa a kan katakon, ya lumshe ido. Mai keken na ta bayani, shi yana ɗaga masa hannu ya yi shiru. Bayan ɗan lokaci sai ya ce ga inda ciwon yake, kuma da wuya a buɗe a ga ba nan ba ne.

Ni ba ya kirana da sunana. Madam Takarda yake ce mini, saboda kullum da littafi a hannuna. In na gaishe shi da safe sai ya tambaye ni ko Faransawa sun kwana lafiya a cikin littafin. Ni kuma in ce masa sun ce a gaida tsohon da ba ya iya karanta sunan kekunan da yake gyarawa. Ya ce ba ya bukatar sunansu, muryarsu ya sani.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, gwiwoyinsa suka ƙi. Wata rana bayan la'asar ya yunƙura zai tashi daga tabarma ya kasa, sai da maƙwabtan rumfa suka ɗaga shi. Bai gaya wa kowa a gida ba, amma labari ya riga shi isowa. Baba ya fitar da motarsa daga garaj ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, ya ce daga yau nan ne wurin aikin Kaka, masu kekuna su biyo shi gida. Kuma don ya faranta masa rai, ya je wajen wani mai walda ya sa aka yi masa teburin ƙarfe, dogo, mai sheƙi, an shafe shi da shuɗin fenti. Etabli Baba yake kiransa, wato teburin aiki da Faransanci, yana alfahari.

Kaka ya zagaya shi sau biyu da sandarsa. Ya ƙwanƙwasa samansa da ɗan yatsa, teburin ya amsa da ƙara kamar tasa. Ya ce a ɗora keke. Ya juya ƙafar, ya kwantar da kunne, ya ɗago.

"Wannan ya cika surutu," in ji shi. "Keke na gaya mini ciwonsa, shi yana sa baki."

Ya ƙara da cewa in zafin watan Afrilu ya zo za a iya soya ƙwai a kansa, kuma ƙaramin noti in ya faɗi a kan ƙarfe tsalle yake yi ya ɓace. Baba ya ce ai ƙarfe ba ya jin tsoron gara. Kaka ya ce shi ma ba ya jin tsoron gara. Baba ya ce mutum ya yi wa mahaifinsa abu, ko godiya babu. Kaka ya ce ya gode, amma da an tambaye shi kafin a kunna wuta. Kusan mako uku ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Hajja ce ta kashe rigimar ba tare da ta yi wa kowa faɗa ba. Ta sa aka ja teburin ƙarfen tsakar gida ta fara shanya kuɓewa da tumatir a kansa. Ta ce ba ta taɓa samun abin da ke busar da kayan miya da sauri haka ba, Allah ya yi wa mai walda albarka. Ranar Baba ya yi dariya, da yamma kuma ya shiga wajen Kaka ya ce to, ya faɗi irin wanda yake so.

Neman teburin ya ɗauke mu Asabar huɗu. Ni nake raka shi, don ni ce ba ni da makaranta ranar da rana. Muna hawa tasi mu sauka wajen masu katako, shi da sanda, ni da ƙaramin kofin shayi a jaka. Duk teburin da aka nuna masa, sai ya sa na cika kofin da ruwa har baki na ajiye a gefe ɗaya, shi kuma ya dafa ɗaya gefen ya jijjiga. In ruwa ya zube, sai ya yi wa mai shi sai an jima. Wani kafinta ya fusata ya ce tebur yake sayarwa ba dutse ba. Kaka ya ce shi kuma dutsen yake nema, amma na katako.

A ƙarshe muka samu wani dattijon kafinta can hanyar gada, mutumin kudu, wanda ba ya jin Hausa. Da Fulatanci suka yi magana, kuma tun daga gaisuwa na ga sun gane juna. Kaka ya zaɓi maɗaci, busasshe, mai kauri kamar tafin hannu a kwance. Ya ce kada a sa masa fenti. Ya ce a haɗa ƙafafun da giciye a ƙasa, a yi aljihu ɗaya kawai don mai aljihu da yawa ba ya tuna inda ya sa abu. Ya kuma ce a fafe wani siririn kwari a bakin teburin daga wannan ƙarshen zuwa wancan, inda zai riƙa jera notuna. Kafintan ya ɗauko awo ya ce Kaka ya miƙe, ya saki hannu, domin saman teburin aiki daidai ƙashin wuyan hannun mai shi ake yanka shi.

Kaka bai miƙe ba.

"Kada ka auna ni," ya ce. "Ni kullum raguwa nake yi. Auna wannan. Ta gama tsawo, Allah bai ƙara mata ba."

Na ce masa in gajarta laifi ce, wajen Hajja na gado, ya je ya yi ƙara can. Kafintan yana dariya ya sa na tsaya jikin bango, na saki hannuna, ya ja layi da fensir daidai wuyan hannuna. Na ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika. Har muka dawo gida ina mita.

Da aka kawo teburin, Baba ya tsaya kusa da shi ya ga ko cinyarsa bai wuce ba. Ya ce kafintan ya yi kuskure, a mayar a ƙara ƙafafun. Kaka ya jawo kujera ya zauna, teburin ya zo masa daidai. Ya ce ai shi a zaune zai yi aiki. Ya sa aka nemo gwangwanayen kifi huɗu, aka zuba baƙin mai a ciki, aka tsoma kowace ƙafa a ɗaya, ya dubi Baba ya ce ga amsar gara.

Shekara huɗu ya yi a kan teburin nan. Ina iya rufe ido in ga garaj ɗin da hantsi: ƙofa a buɗe rabi, haske ya faɗo a kan maɗacin, ƙanshin man keke da na shayi. In ya kwance keke, kowane noti da ya cire sai ya ajiye shi a cikin kwarin, daga dama zuwa hagu, bi da bi. In zai mayar ya faro daga hagu. Ba wanda ya isa ya taɓa jerin. Ko kaza ta shigo, sai ya bar abin da yake yi ya raka ta waje da ladabi.

A ƙarƙashin teburin akwai keken Hajja, wanda aka kawo ta da shi gidan. Da farko lafiyarsa lau. Amma in wata ta zo da keke daga ƙauye, abin da ya lalace kuma ba a samunsa a kasuwa, sai Kaka ya sunkuya ya ciro daga na Hajja ya sa mata. Yau ɗan gidan zaren ƙasa, gobe wani ƙaramin ƙarfe. Ranar da Hajja ta zo za ta yi wa zanenta baki ta juya ƙafar keken ta ji yana yawo kamar ba komai a cikinsa, ta tsaya a ƙofa ta ce ashe ɓarawo take dafa wa tuwo shekara da shekaru. Kaka ya ce aro ya yi. Ta ce to masu aron suna ina. Ya ce suna Bibemi, suna Pitowa, suna ɗinka wa marayu riguna, ladan kuma nata ne. Ta ce ita kekenta take so, ya riƙe ladan. Ya yi mata alkawarin zai mayar da komai. Bai mayar ba, ita kuma ba ta daina tuna masa ba, duk sallah.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Shekara biyu kafin rasuwarsa hannunsa ya fara rawa. Kunnensa na nan garau, amma yatsun ba sa iya riƙe ƙaramin noti. Na dawo hutu daga Ngaundere, inda nake karatu, na same shi yana fama da guda ɗaya, ya faɗi sau uku. Ya ce in tura ƙofar. Na tura. Ya miƙo mini turnabis ɗinsa, abin juya noti, wanda hannunsa ya cinye ƙotar har ta yi santsi, ya ce, "Madam Takarda, ajiye Faransawan nan ki ara mini yatsu."

Daga ranar, duk hutu, shi ne kunne ni ce hannu. Yana zaune a kujera, ina tsaye a gefensa, yana cewa sassauta, ƙara kaɗan, tsaya, kin wuce. Daga baya ya fara sa ni in kwantar da kunne kafin shi, in faɗi abin da na ji. In na yi kuskure ya ce littattafai sun toshe mini kunne. In na dace ba ya yabo, sai dai ya tura mini kofin shayinsa. In mai keke ya zo karɓa, ni ina can gefe da littafi, Kaka ne ke karɓar godiya. Bai ce in ɓoye ba. Amma na ga yadda yake sa hannayensa cikin riga in baƙo ya shigo, na gane.

Keken matar Bibemi tare muka kwance shi, kwana biyu kafin zazzaɓin da ya tafi da shi. Ruwa ake yi ranar, yana buga kwanon garaj har ba ma jin juna, ya ce mu bari sai sama ta yi shiru, ba a sauraron keke cikin hayaniya. Muka bar notunan a jere. Ba mu koma ba.

A cikin kwanakin zaman makoki, Goggo ta shiga garaj neman wurin ajiye kulolin abinci. Ta ga ƙananan ƙarafa a warwatse, a ganinta, sai ta share su tsaf ta zuba a gwangwanin madara don kada su ɓace. Da na gani na san jerin Kaka ya rushe. Baffa ya ce ba komai, a haɗa wa matar keken da gwangwanin ta kai wa wani a kasuwa.

Aka yi addu'ar bakwai. Washegari da safe Baffa ya ce direbansa zai zo bayan karin kumallo. Na idar da sallah na daɗe a kan darduma. In na taɓa keken, kowa zai san hannun Kaka ya daɗe da gajiya, abin da ya ɓoye shekara biyu. In ban taɓa ba, kafin azahar teburin yana hanyar Kuseri.

Na shiga garaj na buɗe ƙofar duka. Na sunkuya a kan kwarin, sai na ga Goggo ta kwashe notunan amma ba ta goge katakon ba. Kowane noti ya bar ɗan zoben mai a inda ya kwanta, wani babba, wani ƙarami, daga dama zuwa hagu. Na juye gwangwanin a tafin hannuna na fara mayar da kowanne kan zobensa. Wasu na gane su da girma, wasu yatsuna ne suka tuna, don su suka cire su. Sannan na faro daga hagu.

Ban san lokacin da Baffa da Baba suka zo suka tsaya a ƙofa ba. Na ji Baffa yana cewa me yarinyar nan take yi, kada ta ƙarasa lalata wa mutane kaya. Ban ɗago ba. Na ɗaure na ƙarshe, na ɗiga mai, na juya ƙafar, na kwantar da kunnena a kan maɗacin. Akwai ɗan kaushi can ƙasa. Na sassauta noti ɗaya kaɗan, na sake juyawa. Ƙarar ta daidaita, siririya, mai santsi, irin wadda Kaka ke tura mini shayi a kanta. Na sa ƙyalle na ja layi ɗaya, ɗinkin ya fito tsaf sama da ƙasa.

Ƙaramar ƙofar da ke tsakanin garaj da cikin gida ta buɗe. Hajja ce, da carbinta, karon farko da ta bar buzunta in ba don alwala ba.

"Shekara biyu ina jin wannan ƙarar ta bango," ta ce wa 'ya'yanta. "Mutumin da ba ya iya kai cokali baki sai ya zubar, kun zaci hannun wa ke ɗaure notunan?"

Ta ce da Baffa ya matso ya tsaya jikin teburin ya saki hannunsa. Ya matso. Wuyan hannunsa ya fi saman teburin da kusan taƙi guda. Ta ce ni ma in saki nawa. Katakon ya taɓa ƙashin daidai, kamar ranar da kafintan ya ja layi a bango.

Baffa ya daɗe yana kallon wurin. Ya shafa kwarin da babban yatsansa, ya share idonsa da hannun riga, ya ce wannan tebur ai karya masa baya zai yi a Kuseri, kuma dama motar ta cika da kaya. Baba bai ce komai a kan tebur ba. Ya ce kawai darbejiya ba ta taɓa yi wa motarsa laifi ba, ya fita ya aika a kira matar Bibemi.

Hajja ta juya za ta koma, sai ta tsaya ta nuna ƙarƙashin teburin da carbinta.

"Tunda kin gaji ɓarawon, kin gaji abin da ya sata. Ki fara da nawa."

Yau kwana arba'in. Keken Hajja yana kan teburin, na samo masa abu uku, saura da yawa. Kujerar Kaka tana inda ya bar ta, ba na zama a kai, don ni a tsaye aka auna ni. Wani lokaci da hantsi, in ba kowa, nakan kwantar da kunnena a kan maɗacin ba tare da na juya komai ba. Ba na jin komai sai sanyin katako. Duk da haka nakan ɗan jira, ko za a ce sassauta, kin wuce.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sanyaya masa makwanci, ya mayar masa da tsawonsa da ƙarfin yatsunsa a gidan da ba a raguwa.